Kafin Likita Ya Iso: Yadda Ake Horon Nas Don Kula Da Wanda Ciwo Ya Tsananta Masa

Duk ɗan Arewa da ya daɗe yana neman abinci a Kudu, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko unguwar Sabo ta Badun, ko ta Shagamu, da wuya a ce bai taɓa kwana a barandar asibiti yana jiran labarin wani ɗan'uwa ba. Wani ɗan dako ne ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Mile 12, wani direba ne tayar gaba ta fashe masa a hanyar Ikko zuwa Badun, wani kuwa dattijo ne mai gadi aka wayi gari bakinsa ya karkace, hannunsa ya ƙi ɗaguwa.

In an isa asibiti, likita zai zo ya duba, ya rubuta magani, sa'an nan ya wuce wajen wani. Wanda ke tsaye a kan majiyyacin dare da rana shi ne ma'aikacin jiyya, watau nas, mace ko namiji. Sau da yawa ran majiyyaci yakan rataya ne a kan abin da nas ta lura da shi da ƙarfe biyun dare, lokacin da kowa ya yi barci. Saboda haka ya kamata jama'a su san irin horon da ake yi wa waɗannan ma'aikata, domin su fahimci dalilin wasu dokokin asibiti da kan jawo cacar baki tsakaninsu da dangin marasa lafiya.

ASALIN AIKIN

Jiyyar wanda ciwo ko rauni ya kwantar ba sabon abu ba ne. Littattafan tarihin Musulunci sun kawo labarin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ke da tanti a masallacin Madina inda take kula da waɗanda aka ji wa rauni, kuma a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Handaƙ. Amma mayar da jiyya ta zama sana'a mai makaranta da jarrabawa, wannan ya samo asali ne daga wata Baturiyar Ingila, Florence Nightingale, wadda ta yi jiyyar sojoji a yaƙin Kirimiya daga 1854, ta kuma buɗe makaranta a asibitin St Thomas na Landan a 1860.

A Nijeriya an kafa majalisar kula da aikin jiyya a 1947. A 1979 dokar soja mai lamba 89 ta haɗe ta da hukumar ungozomomi, suka zama majalisa guda, wadda har yau ita ke tsara manhajar karatu, ta shirya jarrabawa, ta ba da lasisin aiki. Makarantar jiyya ta asibitin koyarwa na Badun, wanda aka fi sani da UCH, an buɗe ta a 1952, shi kuwa asibitin aka yi bikin buɗe shi ran 20 ga Nuwamba 1957 da gadaje 500. Asibitin koyarwa na Ikko da ke Idi-Araba ya biyo baya a 1962. Abin lura a nan, dukansu biyu maƙwabtan unguwannin Hausawa ne.

Cikin waɗanda suka aza harsashin aikin akwai Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Ikko, wadda ta shiga makarantar Nightingale a 1946, ta komo gida a 1954, ta kama aiki a Badun. A 1964 ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jiyya na wannan asibiti, daga baya ta riƙe muƙamin Kwamishinar Lafiya ta Jihar Ikko daga 1973 zuwa 1975. Ta rasu a 1992.

WATANNI SHIDA NA FARKO

Mai son shiga makarantar jiyya sai ya ci darussa biyar a jarrabawar gama sakandare: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Karatun jiyya na gama-gari shekara 3 ne, wanda ya bi ta jami'a kuwa shekara 5 zai yi kafin ya sami digiri.

Watanni shida na farko su ne rariya. A cikinsu ɗalibi ba ya taɓa majiyyaci. Zai koyi sassan jikin ɗan Adam da aikin kowanne, sa'an nan a kai shi wani ɗaki da aka shirya kamar ɗakin majiyyata, da gadaje da mutum-mutumin roba a kwance. A nan zai koyi gyaran gado alhali mutum na kansa, da wanke wanda ba ya iya tashi, da sa fo, da yin allura, da wanke hannu bisa ƙa'ida. In ya yi kuskure, roba ya yi wa. Wanda ya faɗi jarrabawar ƙarshen wannan zango ba ya wucewa gaba. Waɗanda suka ci akan yi musu biki, a sa wa 'yan matan farar hula, daga nan sai a tura su cikin majiyyata na gaske.

Daga wannan lokaci karatun yakan rabu biyu: makonni a aji, makonni a bakin gado. Ana zagayawa da ɗalibi ɗakin maza da na mata, ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, sashen gaggawa, da sauransu, har da aikin dare. Kowane ɗalibi yana da littafi da aka jera ayyukan da ya wajaba ya iya, kuma ba a sa masa hannu a kan aiki sai sista mai kula da ɗakin ta gani da idonta ya yi shi daidai.

AWON DA KE TONA ASIRIN CIWO

Babban darasin kula da wanda ciwo ya tsananta masa shi ne awo. Mutum baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Zuciyarsa tana bugawa sau 60 zuwa 100. Zafin jikinsa yana wajen digiri 37. Awon jininsa yana kusa da 120 bisa 80. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa kuwa tana nuna yawan iskar oksijin a cikin jini, kuma ga mai lafiya yakan kai kashi 95 cikin 100 ko fiye.

Koyon awon ba shi da wuya. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne karanta abin da awon ke faɗi. Masana sun daɗe da gano cewa zuciyar majiyyaci ba ta cika tsayawa haka kwatsam ba. Sau da yawa jiki yakan yi ta ba da sanarwa sa'o'i da dama kafin nan, kuma numfashi na cikin abubuwan da ke fara canzawa.

Alal misali, a ce an kwantar da wani mahauci mai shekara 50 da zazzaɓin kwana uku. Da ƙarfe 10 na dare numfashinsa 18, bugun zuciya 92, awon jini 120 bisa 80. Da ƙarfe 2 numfashi ya koma 26, bugun zuciya 118, awon jini na sama ya sauko 95, ga shi ya fara kiran sunayen mutanen da ke can ƙauye. Ɗan'uwansa da ke zaune a gefe zai ce surutan zazzaɓi ne kawai. Nas da ta sami horo kuwa ta san cewa mai yiwuwa ƙwayoyin cuta ne suka bazu cikin jini, kuma in aka jira zagayen likita na safe, ana iya rasa shi. Nan take za ta kira likita, ta sa masa oksijin, ta shirya ƙarin ruwa.

Don kada a bar wannan ga tsinkayen mutum ɗaya, ƙungiyar likitocin Landan ta fito da wani tsarin maki a 2012, ta sake gyara shi a 2017. Ana ba da maki ga abubuwa shida: numfashi, oksijin, awon jini, bugun zuciya, zafin jiki da hayyaci. In jimla ta kai 5 a nemo likita da sauri, in ta kai 7 kuwa gaggawa ce sosai. Mahaucin nan na misali ya haura 7 tun da ƙarfe biyu. Haka kuma ga wanda ya bugu a ka, akwai ma'aunin da wasu likitoci biyu na birnin Gilasgo suka ƙirƙiro a 1974, mai duba buɗe ido, magana da motsi. Mai cikakken hayyaci yana da maki 15, wanda ya yi nisa ƙwarai yana da 3. Wannan ne dalilin da nas kan tashi irin wannan majiyyaci cikin dare ta tambaye shi sunansa, ta haska idonsa da tocila. Ba neman fitina ba ne.

Akwai kuma rubutu. A wannan sana'a, abin da ba a rubuta ba ana ɗaukarsa kamar ba a yi shi ba, domin takardar ce masu karɓar aiki za su duba su gane ko mutum gaba yake yi ko baya.

MATAKAI BIYAR

In aka shigo da mutum ranga-ranga, an koya wa nas ta bi matakai biyar a jere, ba ta tsallake ɗaya. Na farko, hanyar iska: shin maƙogwaro a buɗe yake, ko harshe ko amai ko jini ya toshe shi? Na biyu, numfashin kansa. Na uku, zagayawar jini, da tsayar da zubarsa in akwai rauni. Na huɗu, hayyaci, tare da awon sukari, domin mai ciwon sukari da sukarinsa ya faɗi ƙasa yana iya suma kamar ya mutu, a ba shi sukari ta jijiya ya farfaɗo cikin 'yan mintoci. Na biyar, a buɗe jiki a duba ko akwai wani rauni ko kumburi da tufafi suka ɓoye.

Hikimar jerin ita ce a fara da abin da ya fi saurin kisa. Karyewar ƙafa tana da ban tsoro a ido, amma toshewar maƙogwaro ita ke kashewa cikin mintoci. Shi ya sa wani lokaci dangi kan fusata su ga an bar nasu mai ihu an nufi wani da ya yi shiru. Mai ihu dai yana numfashi.

In zuciya ta tsaya, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Saboda haka kowane ɗalibi sai ya ƙware wajen danna ƙirji: sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, bayan kowane danni 30 a hura iska sau 2. Aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa ake karɓa-karɓa.

LISSAFIN ƊIGO DA JUYA MAJIYYACI

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa jiyya da lissafi. To, in likita ya ce a ƙara wa mutum ruwa mililita 500 cikin awa 4, da robar da ɗigo 20 ke ba da mililita ɗaya, nas ce za ta lissafa ta gane ɗigo 42 ake bukata a minti, ta tsaya da agogo ta daidaita. In ruwan ya yi sauri ga mai ciwon zuciya ko ƙoda, yana iya taruwa a huhu. Haka nan tana auna fitsari, domin in na baligi ya kasa kimanin mililita 30 a awa, alama ce ƙoda tana cikin matsala.

Wajen ƙarin jini, ma'aikata biyu ne ke karanta sunan majiyyaci da rukunin jinin kafin a ɗaura, sa'an nan a tsaya a kansa minti 15 na farko, domin a lokacin ne jikin da ya ƙi jinin ya fi nunawa. Wanda ba ya iya motsi kuwa ana juya shi kamar kowace awa 2, in ba haka ba fatar baya da ƙugu za ta mutu ta zama gyambo.

ƊAKIN KULAWA TA MUSAMMAN

Waɗanda ciwonsu ya fi tsanani akan kai su ɗakin kulawa ta musamman. Asalin irin wannan ɗaki daga birnin Kofanhegan ne na ƙasar Danmak. A 1952 annobar shan inna ta shanye numfashin ɗaruruwan mutane a can, na'urori suka kasa. Wani likita mai suna Bjorn Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaro a sa roba, aka kawo ɗaliban likitanci suna matsa jakar iska da hannu dare da rana bi da bi. Mace-macen da suka kusa kashi 90 cikin 100 suka sauko ƙasa da rabin haka. Darasin da aka koya shi ne, mai irin wannan ciwo yana bukatar mutum a kansa ko da yaushe.

Shi ya sa ƙa'idar irin wannan ɗaki ita ce nas ɗaya ga majiyyaci ɗaya ko biyu. A Nijeriya wanda ya gama karatun gama-gari ya sami lasisi yana iya komawa ƙarin horo na shekara guda ko shekara da rabi a fannin gaggawa da haɗura, ko kulawa ta musamman, ko ɗakin tiyata, ko jiyyar ƙashi kamar yadda ake yi a asibitocin ƙashi na Igbobi a Ikko da Dala a Kano.

HAƊARIN SANA'AR

Wanda ya fi kusa da majiyyaci shi ya fi kusa da cutarsa. Zazzaɓin Lassa an gano shi ne a 1969 ta kan ma'aikatan jiyya. Laura Wine ta kamu a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, aka kai ta Jos ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jiyyarta ita ma ta rasu. Ta ukunsu, Lily Pinneo, aka kai ta Amurka ta rayu.

A watan Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya ya shigo Ikko da cutar Ebola. Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibitin da aka kwantar da shi a Obalende, abin da ya taimaka ƙwarai wajen hana cutar bazuwa. Mutum 20 suka kamu a ƙasar, 8 suka rasu, cikinsu har da ita likitar da wata nas mai suna Justina Ejelonu. Ran 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar ƙarewar cutar a Nijeriya. Saboda haka in nas ta sa safar hannu da takunkumi, ko ta hana 'yan dubiya cika ɗaki, ba ƙyamar kowa take yi ba. Abin da aka koya mata ke nan don kare kanta da majiyyacin da su masu dubiyar.

INDA DANGI KE ƁATA AIKI

Hausawa mutane ne masu zumunci, ba sa barin nasu shi kaɗai a asibiti, kuma wannan abin yabo ne. Amma rashin sani ya fi dare duhu. Akwai abubuwa da mai jiyya kan yi da kyakkyawar niyya su rushe aikin kwana da kwanaki.

Na farko, ɗura wa wanda bai cikin hayyacinsa ko mai shanyewar ɓarin jiki kunu ko ruwa ko jiƙo. Irin wannan mutum maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin sai ya zarce huhu ya haifar da wani ciwon. Kada a ba shi kome ta baki sai nas ta gwada haɗiyarsa ta ba da izini. Na biyu, taɓa robar ƙarin ruwa don ya yi saurin ƙarewa. Na uku, ɓoye maganin da aka sha a gida, na kanti ne ko na gargajiya. Faɗinsa yana taimaka wa ma'aikata. Na huɗu, ɗauke majiyyaci a sa shi a mota zuwa gida Arewa da zarar an ga jiki ya yi nauyi, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga Ikko zuwa Kano ko Sakkwato, ba oksijin, ba ruwa.

Babba a cikinsu shi ne jinkiri. Mai shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon ƙirji mai tsanani, mai sanƙarau, mai amai da gudawa, duk sa'o'in farko ne ke raba gardama a kansu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa ga wanda ke bukatarsa, wata dokar ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A Jihar Ikko ana kiran lamba 112 ko 767 don neman agaji.

KIRA GA IYAYE

Ƙasar tana fama da ƙarancin ma'aikatan jiyya. A 2024 magatakardan majalisarsu ya bayyana cewa fiye da 15,000 sun bar ƙasar zuwa aiki a waje a cikin 2023 kaɗai. Waɗanda suka rage aiki ya yi musu yawa, wannan na cikin abin da ke kawo gajen haƙuri, ko da yake ba hujja ba ce ta wulaƙanta majiyyaci, kuma wanda aka yi wa ba daidai ba yana da damar kai ƙara ga shugabar ma'aikatan jiyya ta asibitin.

Ga mazauna Kudu akwai ƙarin matsalar harshe. Nas tana bukatar ta ji daga bakin majiyyaci inda ke masa ciwo da lokacin da ya fara. Tsohuwa da ba ta jin Turanci ko Yarabanci, kuma take jin kunyar faɗin lalurarta a gaban ɗanta da ke mata tafinta, takan yi shiru ne kawai, shirun kuwa yana iya ɓoye abin da zai cece ta. Abin da ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su yi shi ne su tanadi tafintoci, maza da mata, waɗanda za a iya kira ko da tsakar dare.

Maganin dindindin kuwa yana hannun iyaye. Yaran da aka haifa a Sabo da Agege da Idi-Araba sun tashi da Hausa da Yarabanci da Turanci a bakinsu, ga makarantun jiyya a ƙofar gidajensu. Yaro ko yarinya da ya ci darussan nan biyar, aka daure aka tsaya masa shekara uku, zai sami sana'ar da ba ta kwantai, kuma ranar da aka shigo da wani dattijo daga kasuwa bai san inda kansa yake ba, zai farfaɗo ya ji ana yi masa sannu da harshensa. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jiyyarsu da alheri, amin.